Matsalar Harshe a Binciken Ɗaliban Nazarin Halayyar Ɗan'adam: Misali Daga Jos

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a birnin Laifzig na Jamus, gwaji ya zama ginshiƙin nazarin halayyar ɗan'adam. Wannan fanni ya sami sashensa na farko a Nijeriya a Jami'ar Nsukka cikin 1964, kuma ana koyar da shi a Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975. Kamar sauran ɗaliban digiri na farko, ɗalibin wannan fanni yakan gudanar da bincike ya rubuta kundi a shekararsa ta ƙarshe. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda harshen da aka yi gwaji da shi kan shafi sakamakon irin wannan bincike.

2.0 Yanayin Harsuna a Jos

Jos matattara ce ta harsuna. Akwai Birom da Afizere da Anaguta, ga kuma Angas da Tarok da Mwaghavul daga sauran sassan Filato. Hausa ce harshen hulɗa a kasuwa, Ingilishi kuwa harshen aji. Saboda haka mutumin da ɗalibi zai gwada yakan kasance mai harshe biyu ko uku, alhali yawancin ma'aunan da ake amfani da su da Ingilishi aka tsara su.

3.0 Gwajin Riƙe Lambobi

A wannan gwaji akan karanta wa mutum jerin lambobi, a nemi ya maimaita su bi da bi. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abin da mutum kan riƙe bai faye wuce bakwai ba, da ragi ko ƙarin biyu. To amma a 1980 Ellis da Hennelly sun gano cewa masu jin Welsh da Ingilishi a Birtaniya sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, domin furta lambobin Welsh ya fi cin lokaci.

Idan aka dubi Hausa, za a ga cewa daga ɗaya zuwa tara kowace lamba gaɓa biyu gare ta: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas, ta-ra. A Ingilishi kuwa lamba bakwai kaɗai ke da gaɓa biyu. Ke nan ɗalibin da ya gwada wasu da Hausa wasu da Ingilishi, sannan ya kwatanta makinsu, yana iya ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin da tsawon kalma ya jawo.

4.0 Fassarar Tambayoyi

Matsala ta biyu ta shafi ma'ana. Kalmar kunya, alal misali, ta ƙunshi jin nauyin suruki, wanda abin yabo ne, ta kuma ƙunshi tozarta. Richard Brislin ya bayyana wata dabara a 1970, inda wani zai fassara tambayoyi, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar da su harshen farko, sannan a kwatanta. Dabarar tana tona kurakurai, sai dai ba ta warware bambancin Hausar Bakano da ta wanda Hausa ke zaman harshensa na biyu.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ya kamata kowane kundi ya fayyace harshen da aka yi gwaji da shi, da harshen uwa na waɗanda aka gwada. Haka kuma ya dace masana harsuna su duba ma'aunan kafin ɗalibi ya fita da su, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.