Ɗakin Kati: Sana'ar da Matasan Zuru Suka Raina

Duk wanda ya je babban asibitin Zuru da safe, kafin ya ga likita sai ya bi layi a tagar ɗakin kati. A tambaye shi suna da shekaru, da ko daga Dabai yake ko Ribah ko Mahuta, a ba shi lamba, a ciro masa fayil. Yawancinmu mun ɗauka iyakar aikin mai kati ke nan, alhali muhimmin aikinsa sai an sallami majiyyaci yake farawa.

Fayil ɗin yakan dawo hannunsa, ya zauna ya bi rubutun likita layi-layi, ya ba kowace cuta lambarta kamar yadda take a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna ICD. A bugu na 10, hawan jini I10 ne, taifot A01.0, ciwon sikila D57, saran maciji T63.0. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, in gwaji ya nuna irin ƙwayar cutar mai tsanani ce a rubuta B50, in ba a tantance irinta ba a sa B54. Bugu na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022, don haka mai wannan sana'a ba ya gama karatu.

Daga waɗannan lambobi ake haɗa rahoton wata, a shigar da shi manhajar DHIS2, ya isa Birnin Kebbi da Abuja. Da shi ake sanin inda za a kai magani da gidan sauro, ake kuma gane annoba tun tana ƙarama, irin sanƙarau ɗin da ya ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega a 2025. In mai kati ya yi sakaci, ciwon mutanen Sakaba ko Fakai ba zai fito a lissafi ba, kuma abin da ba a ƙirga ba, ba a ware masa kuɗi.

Hanyar shiga ba ta da tsawo. Mai kiredit biyar a sakandare, har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, zai iya neman makarantar koyon sarrafa bayanan lafiya ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta asibitin Aminu Kano. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, babba ma shekara 2. Ana koyon sassan jiki, sunayen cututtuka, ƙididdiga, kwamfuta, tsara fayil da riƙe sirrin majiyyaci. Wannan na ƙarshe ya fi nauyi a gari irin namu da kowa ya san gidan kowa. Bayan karatu sai rajista da HRORBN, hukumar da ke ba masu wannan sana'a lasisi, wadda aka kafa da doka a 1989.

Guraben gwamnati ba sa fitowa kullum, wannan gaskiya ne. Amma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan 'yan Najeriya, Kebbi kuma tana da hukumarta, KECHEMA. Asibitin da zai karɓi kuɗinsa daga inshora dole ya samu wanda ya iya tsara takardun neman biya.

An san Zuru da aikin soja, ba kuma kowane yaro ne zai sa kaki ba. Iyaye, kafin ku biya kuɗin makaranta, ku tabbatar HRORBN ta amince da kwas ɗin, domin takardar da ba lasisi a bayanta ba za ta samar wa ɗanku aiki ba.