MAGANIN DAJIN NONO DA LAFIYAR ZUCIYARKI

Uwargida, karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

Ciwon dajin nono yana da magani, musamman in an zo da wuri. Daga asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum akan tura mai ciwon zuwa Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, don a sa mata magani ta jijiya cikin ƙarin ruwa, galibi bayan kowane mako 3. Maganin yana ceton rai, amma yana da ƙarfi, kuma ga wasu mata yakan taɓa zuciya.

YADDA ABIN YAKE

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunki. Aikinta tura jini, dare da rana. Jan maganin nan mai suna Doxorubicin yana kashe ƙwayoyin daji, amma yana iya raunana wannan tsoka. In ta yi rauni ba ta tura jini sosai, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

Lahaninsa taruwa yake yi. Abin da aka ba ki bara yana haɗuwa da na bana, saboda haka akwai iyakar da likita ba ya wucewa a duk tsawon rayuwarki. Wani maganin kuma, Trastuzumab, shi ma yakan rage ƙarfin zuciya, don haka akan duba ta bayan kowane wata 3. Sau da yawa takan farfaɗo in an dakatar da shi.

Jan fitsari na kwana 1 ko 2 bayan jan maganin launinsa ne kawai, ba jini ba ne.

WA YA FI SHIGA HATSARI?

Mai hawan jini, mai ciwon sukari, dattijuwa, wadda aka ƙona wa ciwon da hasken na'ura a nonon hagu, da wadda ta taɓa kumburi da haki bayan haihuwa. In kina cikinsu, faɗa wa likita tun kafin a fara.

ALAMOMIN DA ZA KI LURA DA SU

1. Haki in kin ɗan yi daka, ko shara, ko ɗibar ruwa.
2. Kasa kwanciya sai kin tara matasan kai, ko farkawa da dare numfashi ya sarƙe.
3. Kumburin ƙafafu ko ciki.
4. Zuciya na bugawa da sauri ko a hargitse.
5. Tarin dare da kasala mai yawa.

Suna iya zuwa ana cikin magani, ko bayan watanni, ko ma shekaru da gamawa. Kada ki ce iska ce ko sammu. Maza zuwa asibiti mafi kusa, a ranar.

ABIN DA ZA KI YI

1. Tambayi likita a ɗauki hoton zuciyarki kafin a fara. Ba zafi, ba allura.
2. Adana katinki. Ko'ina kika je, Gusau ko Sakkwato, nuna shi, don a san yawan maganin da kika samu.
3. Rage gishiri da dunƙulen miya. Bar kunun kanwa, yana tara ruwa a jiki.
4. A riƙa auna jininki duk zuwa asibiti.
5. Kada ki sha jiƙo ko maganin kemis ba da sanin likita ba.
6. In kina da ciki ko goyo, faɗa. Ba a shayarwa ana kan wannan magani.

KADA KI GUJE WA MAGANI

Yawancin mata suna gamawa zuciyarsu lafiya lau. Raunin da aka gano da wuri akwai ƙwayoyin da ke taimakonsa. Dajin da aka bari kuwa ba ya jira. Ki cika ranakunki, ki zo da maigida ko 'yar'uwa su ji bayanin likita.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.