Alƙalin Ƙwallo Tsakanin Kuskure da Rashawa

 Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake na Sabon Birni da Isa da sauran ƙasar Gobir, ku sani ƙwallon ƙafa wasa ne, amma abin da harshe ke faɗi bayan an tashi gidan kallo shina shiga littafin mutum. Samarinmu sukan fito suna rantsuwa da Allah an sayi alƙalin wasa, alhali ba su ga mai saye ba, ba su ga kuɗi ba. Ga labari ukku, mu aza su bisa mizanin shari'a.

Na farko, ran 13 ga Fabrairu 2000 anka yi wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Ikko tsakanin Nijeriya da Kamaru. Anka tashi biyu da biyu, anka koma bugun fenareti. Victor Ikpeba yab buga, ƙwallo tad daki sandar bisa, tas sauka bayan layi, tad dawo waje. Alƙali Mourad Daami, mutumin Tunisiya, yac ce ba ta shiga ba, Kamaru tat tafi da kofi da ci 4 da 3. Hoton talabijin ya nuna ta shiga. Sai mutane sunka ce makirci ne, domin shugaban hukumar CAF na zamanin, Isa Hayatu, mutumin Garwa ne ta Kamaru. Kuskuren alƙali ya tabbata, amma har Hayatu yar rasu a 2024 ba a tabbatar da makirci ba.

Na biyu, ga Kofin Duniya na 2014 a Barazil, Edin Dzeko na Bosniya yaj jefa ƙwallo ragar Nijeriya. Anka soke ta da sunan satar gida, alhali hoto ya nuna bai yi ba. Nijeriya tac ci 1 da 0. Wane ne cikinmu yac ce mun sayi alƙali Peter O'Leary? Munka yi murna, munka kwana lafiya. To, wanda ke kiran kuskure makirci in ya cuce shi, ya kira shi rabo in ya amfane shi, mudu biyu gare shi, kuma fatake sun san hukuncin mai mudu biyu.

Na ukku, kada a ce ba a cin amana ko kaɗan. A Nuwamba 2016 Joseph Lamptey na Gana yab bai wa Afirka ta Kudu fenareti bisa Senigal, wai Kalidou Koulibaly ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali gwiwa tad daka. Hukumar FIFA tab bincika, tad dubi yadda kuɗin 'yan caca sunka gudana bisa wasan, tak kore shi daga alƙalanci har abada a Maris 2017. Anka sake wasan a Nuwamba 2017, Senigal tac ci 2 da 0. Nan an kai ƙara, an kawo shaida, an yanke hukunci.

Malamai sun sani ga fiƙihu, mai ƙara shi ke kawo shaida, kuma Suratul Hujurati ta yi mana gargaɗi bisa yawan zato. Alƙalin wasa ɗan Adam ne, ido biyu gare shi, shina gudu cikin 'yan wasa 22, babu damar ya ce a dawo gobe. Domin wanga rauni anka kawo na'urar VAR ga Kofin Duniya na 2018, ko da yake mutum ne ke duba ta.

Saboda haka, ya kai malam, koya wa almajiri ya ce alƙali ya yi kuskure, ya tsaya nan, sai fa in shaida ta zo. Ya kai falke, hana yaronka rantsuwa bisa abin da bai gani ba, domin harshen da yas saba da ƙazafi gidan kallo, gobe shi zai ƙaga wa abokin ciniki sata a kasuwa. Allah shi tsare mu da zalunci da mugun zato, amin. Wassalamu.