Yadda Indiyawa Ke Lallashin Ciki

Jama'a, yau Indiya muka nufa, kuma madafi za mu leƙa, domin a can gwangwanin kayan yaji shi ne akwatin maganin gida. Ku gyara zama, amma wanda ke tsakiyar cin abinci ya fara kammalawa.

A Ayurbeda, tsohon ilimin maganin gargajiyarsu wanda manyan littattafansa suka doshi shekara 2,000, cikin mutum wuta ce ke ci a cikinsa, kuma iri huɗu ce: mai ci daidai, mai ci bal-bal ta lashe komai, mai lumshewa, da wadda yau ta kama gobe ta mutu. Kowa ya shafa nasa ya ji!

Saboda wutar nan ne kakanni a can ba sa yarda a kora abinci da ruwan sanyi. Ruwan ɗumi za a kurɓa kaɗan-kaɗan. Mai ƙanƙara ya jira a waje.

Taurin bayan gida kuwa iska suke ɗora wa laifinsa. Sun ce mazauninta babban hanji, halinta bushewa da sanyi, don haka maganinta maiƙo da ɗumi: cokalin shayi ɗaya ko biyu na man shanu a kofin madara mai zafi, a shanye kafin a kwanta. Da asuba a ji sakamako.

Hanji ma aji-aji ne a wajensu. Akwai mai laushi, wanda madara ko ruwan rake ko 'yan inabi sun isa su tayar da shi, akwai matsakaici, akwai kuma mai taurin kai, wanda idan za a yi masa babban wankin ciki sai an yi kwana 7 ana ɗura wa mai shi man shanu, alhali mai laushin kwana 3 ya ishe shi. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Kafin a wanke baki da safe, harshe ake fara dubawa. In ya yi fari fat, abincin jiya bai narke ba ke nan, sai a ɗauko wani lanƙwasasshen jan ƙarfe a kankare shi daga ciki zuwa waje. Madubi ya zama likita.

Tsofaffin likitocinsu har bayan gidan suke gwadawa a ruwa: in ya nutse, da saura aiki a ciki, in ya taso, wuta ta yi abin da ya kamata. Gwaji ba kati, ba layi!

Sun lissafa abubuwa 13 da suka ce kada a riƙe su in sun zo, ciki har da fitsari, bayan gida, tusa, gyatsa, atishawa, hamma, amai, hawaye da barci. A ganinsu, mai yawan danne kiran bayan gida saboda kunya ko sauri shi ke koya wa hanjinsa yin shiru, kuma a wannan kam likitocin asibiti ma ba su yi musu ba. In ya ƙwanƙwasa, a buɗe.

Wani tsohon littafinsu ya ce a kasa tumbi uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar shi fili. Duk wanda ya zauna darasin hadisi zai ji wannan rabon ba baƙonsa ba ne. Saura aiki da shi ranar walima.

Yanzu ga sarauniyar magungunan, tirifala. Garin busassun 'ya'yan itace uku ne, amla da bahera da haritaki, kai ɗaya, ana kaɗa rabin cokalin shayi zuwa cokali guda a ruwan ɗumi da dare. Ga bauri, ga tsami, ga ɗaci, duk a kurɓi ɗaya. Fuska za ta yamutse, ciki zai gode.

Haritakin nan shi kaɗai labari ne. Cikin ɗanɗano 6 da suke lissafawa ya haɗa 5, gishiri kawai ya rasa, kuma aikinsa na canjawa da yadda aka sarrafa shi: a tauna shi ya hura wutar ciki, a niƙa shi ya wanke hanji, a dafa shi ya tsayar da gudawa, a soya shi ya daidaita jiki gaba ɗaya. Ɗan itace ɗaya, ofis huɗu.

Abokin shansa ma da kalanda yake tafiya, domin shekararsu yanayi 6 ce. Da damina gishiri, da kaka sukari, farkon hunturu busasshiyar citta, ƙarshensa dogon masoro, lokacin tohon itatuwa zuma, tsakiyar zafi kuma mazarƙwaila. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, don ya nuna mutanen da suka zauna suka lura cewa cikin damina daban, na hunturu daban.

Littattafan sun kasa haritaki iri 7, suka ce akwai wani mai suna cetaki wanda ko inuwarsa mutum ko dabba ko tsuntsu ya ratsa, cikinsa zai kaɗa nan take. Ba bishiyar da za a shimfiɗa tabarmar hira a gindinta ba ce!

Shi dai haritakin majema ma na sayensa, yana yi musu aikin da bagaruwa ke yi wa namu, masu rini kuma na fitar da launi da shi. Ɗan'uwansa bahera kuwa, ƙwallonsa ne 'yan cacar Indiya na zamanin da can suke jefawa a fage. Da rana ya kwashe dukiya, da dare ya kwashe ciki.

Amla tana da nata wasan: ka tauna ɗanyarta tsami ya kama maka muƙamuƙi, ka bi da ruwa, sai ka ji ruwan ya koma zaƙi. Yara a can sun daɗe da gano wannan garaɓasa.

Isabgol farin ɓawon wasu ƙananan iri ne, mara nauyi, wanda in ya sha ruwa yake kumbura ya yi yauƙi. A ruwan ɗumi ko madara ya saki ciki, a cikin kindirmo ya ɗaure gudawa. Sharaɗinsa ɗaya, a kaɗa a shanye da sauri a bi shi da ruwa mai yawa, don shan sa a bushe na iya tsaya wa mutum a maƙogwaro. Mai buɗewa, mai rufewa.

Mafi yawan isabgol ɗin duniya daga Indiya yake fitowa, babbar kasuwarsa na garin Unjha a jihar Gujarat, kuma Amurka ce kan gaba wajen saye. Kakar ƙauye da ɗan birnin Niu Yok, cokali ɗaya suke lasa.

Kamar isabgol ɗan itacen bel yake, mai ƙoƙon da sai da dutse ko guduma ake fasa shi. Nunanne a dama shi da ruwa ya sassauta ciki, ɗanye a gasa ko a busar ya tsayar da zawo. A tambayi mai sayarwa da kyau kafin a biya.

A kudancin Indiya, tsofaffi da yawa na tuna ranar man zurma, wanda wasunmu ke kira man gelo: safiyar hutu, a jera yaran gida, a toshe wa kowa hanci a ɗura masa cokali, cikin 'yan sa'o'i a shiga zarya. Ƙwayar zurmar kanta guba ce mai kisa, man da aka tace ne ake sha, mai juna biyu kuma ba ta kusantarsa. Ranar ba mai zuwa ƙwallo.

Sanamakin da kuke gani a shagunan maganin Musulunci, Larabawa ne suka yaɗa shi, yau kuma yankin Tirunelbeli a kudancin Indiya ya yi suna wajen nomansa. A sha da dare ya yi aiki da safe, wani lokacin har ya rina fitsari ja-ja, amma na 'yan kwanaki ne, ba na kullum ba. Baƙo ne mai kyau, kada a ba shi ɗaki.

Akwai bishiyar amaltas mai zubo furanni rawaya, furen da Kerala ta ɗauka a matsayin furen jiharta. Kwansonta dogo ne baƙi, yakan haura rabin mita, cikinsa wani baƙin danƙo mai zaƙi da ake jiƙawa don sassauta ciki a hankali, har ga tsofaffi. Diloli ma na cin sa su baza irin a daji. Ashe dila ma manomi ne.

Hing ƙaro ne da ake tatsa daga saiwar wani tsiro na tsaunukan Afganistan da Iran, warinsa kuwa in ba a rufe shi a kwalba ba sai ya mamaye madafi duka. Ɗan mitsitsi a cikin mai mai zafi ya koma ƙamshin albasa da tafarnuwa, shi ya sa ba a dafa wake babu shi, don ya kori kumburin ciki. In jariri na kukan ciki, uwa kan kwaɓa shi da ruwan ɗumi ta shafa kewayen cibiya.

Abin mamakin, duk son da suke yi masa, shekara da shekaru daga waje suke sayo shi. Sai a 2020 aka fara gwada shuka shi a kwarin Lahaul cikin tsaunukan Himalaya. Tukunya a Delhi, gona a Kandahar!

Baƙin gishirinsu in an daka shi ruwan hoda yake komawa, warinsa na dafaffen ƙwai. A tanderu ake gasa shi tare da gawayi da 'ya'yan haritaki, sannan a haɗa shi da 'yan ƙwayoyin ajwain masu yaji a watsa a baki, a kora da ruwan ɗumi in ciki ya cushe. Gyatsa ɗaya, an huta.

Shiga gidan abinci a Kerala, ruwan da za a ajiye maka da ɗumi zai zo, ko dai ruwan ɗorawa saboda kamun da aka tafasa a ciki, ko ruwan hoda saboda wani ice. Ba lemo ba ne, ba kuma a caji.

In an gama, wajen biyan kuɗi akwai ɗan faranti na shammar, wani soyayye, wani lulluɓe da sukari kala-kala. A tauna, baki ya yi ƙamshi, ciki ya sauka.

Kafin cin abinci kuma, siririn yankan ɗanyar citta da ɗigon lemon tsami da ɗan gishiri. Sallama ce ake yi wa tumbi.

Tsala, nonon da aka kaɗe aka cire mansa, shi ne abin kora abincin rana, da soyayyen kamun da gishiri a kai, har suna cewa abin da ruwan rai yake ga mazauna sama shi ne tsala ga 'yan Adam. Kindirmo kuwa da dare an hana, wai yana tara majina. Uwa ɗaya, hukunci biyu.

Ga marasa son ɗaci akwai sassauci: zabibi ko busasshen ɓaure a jiƙa su kwana, da safe a tauna a shanye ruwan. Akwai kuma gulkand, furen wardi da sukari da ake jerawa a kwalba a bar wa rana ta dafa makonni, a sha cokali a madara. Magani da lasar baki!

Wasu gidajen ruwa suke kwanarwa a tulun jan ƙarfe, a sha da sassafe kafin komai ya shiga ciki. Bincike ya tabbatar jan ƙarfe na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, sai dai ba a zuba masa lemon tsami ko nono, don tsami na cin sa. Tulu mai doka.

Suna da jerin abincin da ba sa zama inuwa ɗaya: kifi da madara, madara da 'ya'yan itace masu tsami, zuma da man shanu kai ɗaya. Zuma kuma ba a dafa ta sam. Masu zuba ta a tafasasshen shayi, an gaishe ku.

Wanda ciki ya kayar, kicari ake dafa masa, shinkafa da ɗan ƙaramin wake a dahu su yi luguf, da kurkum da man shanu. Bayan wankin ciki ma ba a faɗa wa tuwo kai tsaye: ruwan shinkafa tukuna, sai mai ɗan kauri, sai romo, a hankali har a koma cin yau da kullum. Wuta ƙarama, ƙirare ƙanana.

An ci an ƙoshi? A Maharashtra taku 100 ake yi a tsakar gida, a wasu wuraren a zauna kan dugadugai, da rana kuma a ɗan kishingiɗa ta ɓarin hagu. Banda minshari.

In abin ya gagari madafi, likitocin da can ta ƙasa suke ɗura mai ko ruwan magani, kuma jakar ɗurin mafitsarar ɓauna ce ko ta akuya, bakinta na azurfa ko ƙaho ko gora. Sun ɗauki wannan aikin rabin ilimin magani gaba ɗaya. Mahauci ma da rabonsa a asibitin.

Nan kuma a tsaya da raha. Wasu haɗe-haɗen Ayurbeda na kwalba da ƙarafa ake yin su, kuma wani bincike na 2004 a shagunan birnin Boston ya samu dalma ko zaiba ko arsenik a ɗaya cikin kowane 5 da aka gwada. Sannan ciki da ya ɗaure makonni, ko jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko amai da kumburi, wannan na asibiti ne. Kaka ma da kanta za ta ce a tafi.

A Tamil Nadu, safiyar bikin Diwali, kafin a taɓa ko alewa ɗaya sai kowa ya haɗiye ɗan curin wani baƙin haɗi na citta, masoro, ajwain, mazarƙwaila da man shanu. An sha maganin ƙwarnafi tun kafin a aikata laifin!

Masoya fim ɗin Indiya kuma ku nemi Piku na 2015: tsoho ɗan shekara 70 wanda ba shi da hira sai ta taurin cikinsa, ya sa 'yarsa ta bi shi a mota daga Delhi har Kolkata, kujerar bayan gidansa ɗaure a saman motar. Sa'a biyu ana zancen ya fita ko bai fita ba, kuma sinima ta cika maƙil!