Motsa Jiki Irin Na Mutanen Sin

Jawabinmu na yau na dattijai ne, maza da mata, waɗanda suka ajiye fartanya ko taɓarya, suka koma zaman tabarma.

Ku dubi Hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne, tsawonsa wajen ƙafa 50, ga shi kuwa ya daɗe ƙwarai a tsaye. Me ya riƙe shi? Gyara. Ginin ƙasa in an bar shi ba yaɓe, damina kaɗan za ta zubar da shi. To, jikin ɗan Adam ma haka yake, shi kuwa yaɓensa motsi ne. Wanda ya wuni zaune, gwiwa takan sage, ƙafa ta yi rauni. Ran da ya yi tuntuɓe a bakin zaure sai karayar ƙugu, ita kuwa ga tsoho ba ta saurin ɗoruwa.

Mutanen ƙasar Sin suna da wata dabara da suke kira Cigun. Wannan "ci" ba na tuwo ba ne, a bakinsu numfashi ke nan. Watau motsa gaɓoɓi sannu sannu tare da jan numfashi. Wani likitansu, Huwa To, wanda ya rasu wajen shekara ta 208, ya koya wa mutane kwaikwayon motsin dabbobi 5, har da barewa da biri da tsuntsu. A cikin 2003 hukumar wasanni ta ƙasarsu ta tsara iri 4 domin lafiyar jama'a. Ɗaya daga ciki motsi 8 ne. Ga 4 masu sauƙi:

1. Ka tsaya, ka ɗan ware ƙafafu. Ka sarƙe yatsu, ka ɗaga hannuwa bisa kai kamar mai ɗora dami a rumbu, kana jan iska ta hanci. Ka sauke, kana fitar da ita.
2. Ka ɗan ranƙwasa gwiwa, ka yi kamar maharbi yana jan baka, dama sa'an nan hagun.
3. Ka waiwaya a hankali, kafaɗa kuwa kada ta bi kai.
4. Ka yi ɗage, sa'an nan ka sauke dunduniya sannu. Ka dafa bango in kana tsoron faɗuwa.

Kowanne sau 6 ya isa. Lokacin da ya fi kyau bayan asuba ne, tun rana ba ta yi zafi ba. Mata su yi a tsakar gida. Ba a biyan ko kwabo, kuma a wannan da muka kawo babu tsafi, babu wani abin karantawa.

Likitoci sun gwada, sun ga yana taimakon tsofaffi su tsaya daram, yakan kuma ɗan sassauta hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami motsin minti 150 a mako. Saboda haka ka haɗa da tafiya a ƙasa, ko daga Gobarau zuwa Ƙofar Soro ka komo.

Amma fa a kula. Wannan ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya bar shan abin da likita ya ba shi. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, lalle ya tsaya, a kai shi Babban Asibitin Katsina.

Sannu ba ta hana zuwa. Ku fara gobe. Allah ya ba mu lafiya, amin.