Kwamfuta Ma Tana Soka Buhu Kafin Ta Yanke Shawara

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa bin mahaifinsa kasuwar Rano ya ga yadda mai sayen masara yake yi. Ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Soka shi yake, ya duba ɗan abin da ya zubo a tafinsa, ya san darajar buhun. Ma'adanar bayanai ta kwamfuta ma haka take yi.

A ce an tara rajistar hutun malaman Rano da Kibiya duka, kowane hutu da ranar farawa da ranar ƙarewa. Sai aka tambaya: su wa suke hutu a makon jarrabawa? Kafin kwamfuta ta amsa, akwai wani sashe nata mai tsara hanya. Shi zai zaɓa: a karanta rajistar daga farko har ƙarshe, ko a bi fihirisa a tsinto sunaye? In amsar mutum goma ce, fihirisa ta fi. In rabin malaman ne, gara a karanta duka. To, ina zai san yawansu alhali bai duba ba? Kintace zai yi.

Manhajar PostgreSQL, wadda ta samo asali a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka a 1986, takan ɗebi layi 30,000 a matsayin samfur. A 2012 aka koya mata ajiye bayani mai farko da ƙarshe, irin na hutun nan. A 2013 aka shigar da aikin Alexander Korotkov, wanda ya sa take kasa ranakun farawa kashi-kashi, na ƙarewa ma haka, ta kuma lura da tsawon kowane hutu.

Ba a karɓar irin wannan aiki sai wasu masana sun bi shi layi-layi, kamar yadda malami yake bin takardarku da jan biro. Tambayoyinsu masu tsauri ne. Malamin da ya tafi karatu ba a rubuta ranar dawowarsa ba, yaya za a auna tsawon hutunsa? Hutun da aka soke, ba kwana ko ɗaya a cikinsa, wane kashi zai shiga?

Abin da ya sa kuskuren nan yake da wuyar kamawa shi ne, amsar takan fito daidai. Hanyar ce kawai take tsawo. Aikin daƙiƙa ɗaya sai ya ci mintuna, kai kuma kana tsaye a shagon intanet kana jiran sakamakonka, kana zagin sabis.