Sandarewar Kafaɗa da Hanyoyi Biyu na Jinyarta

Ku ɗaga hannunku sama, ku kai shi bayan wuya. Wannan abu ne mai sauƙi a gare ku, amma ga mai ciwon sandarewar kafaɗa, ko sa riga ma aiki ne babba.

Gaɓar kafaɗa tana cikin wata jaka mai taushi. Idan jakar ta kumbura, sai ta yi kauri ta matse gaɓar, hannu ya kasa motsi. Ciwon ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, musamman mata da masu ciwon sukari. Yakan zo a mataki uku. Da farko zafi yakan yi tsanani, musamman da dare. Daga nan zafin yakan ragu, amma kafaɗar ta sandare. A ƙarshe sai ta riƙa saki a hankali. Duka wannan yakan ɗauki shekara 1 zuwa 3.

Saboda daɗewar ciwon, wasu sukan nemi taimako a wajen asibiti. Hanya ta farko ita ce akufanca, wato jinya da allurai, wadda ta samo asali a ƙasar Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Mai wannan aiki yakan tsira sirarran allurai a wasu wurare na jiki, ya bar su na ɗan lokaci. Babu magani a cikin alluran. Wasu marasa lafiya sukan sami sauƙin zafi, amma alluran ba sa kwance jakar da ta matse.

Hanya ta biyu ita ce kairofiratik, wato gyaran gaɓoɓi da hannu. D. D. Palmer ne ya fara ta a Amurka a shekarar 1895. Mai aikin yakan danna ƙashin baya da gaɓoɓi, ya motsa su. Motsi a hankali yana iya taimaka wa kafaɗa, amma fizgar ta da ƙarfi yana ƙara zafi.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ba kowane ciwon kafaɗa ne sandarewa ba, don haka likita ne ya kamata ya fara dubawa. Yakan ba da maganin zafi ko allura a gaɓar, ya tura mutum sashen gashin ƙashi domin motsa jiki. Na biyu, allurar da aka tsira wa wani tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Dole a yi amfani da sabuwa.

Idan wani babba a gidanku ya kasa ɗaga hannu, ku ba shi shawara ya je asibiti, a kuma auna sukarin jininsa.

Tambayoyi
1. Su wa ciwon ya fi kamawa?
2. Ku faɗi matakansa uku.
3. Me ya sa ake bukatar sabuwar allura?